Arzika Mai Turnabis da Waƙar Kulu

Duk wanda ya san Arzika a Filinge ya san shi da turnabis, ƙarfen kwance kusoshi, a bayan kunne, wurin da sauran ma'aikata ke soke alƙalami. Da shi yake zuwa suna, da shi yake zuwa jana'iza, da shi ya zo ɗaurin aurena. Ɗan gwaggona ne, taubashina, ya yi aikin gyaran layi a gidan waya har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuwa lekwal, makarantar boko, ta sallame ni tun ban iya raba lissafi ba, shi ya sa har ya koma ga Allah bai kira ni da sunana ba, sai Direktar.

Maganarsa guda ce, kun san ta: "Abin da ban ga cikinai ba, ba ni yarda da shi."

Zamanin sojan farko anka kawo mana wani kwamanda, mai zafin ran da ko akuya ba ta kuka a ƙofar bironsa. Arzika ya gyara masa layin Yamai, mutumin ya ji daɗi, ya cire agogon hannunsa ya miƙa masa gaban jama'a. Muna tsaye muna jiran godiya. Sai taubashina ya shimfiɗa hularsa bisa tebur, ya zaro turnabis, ya ɓalle bayan agogon.

Kwamanda ya ce, "Mi kake yi?"

"Ina duba kyautar, ranka shi daɗe."

Gardin da ke bayana ya fara salati ƙasa-ƙasa, ni kuwa ina auna nisan ƙofa da ido. Arzika ya leƙa, ya hura, ya mayar da murfi, ya ce, "Na kirki ne. Na karɓa." Kwamanda ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ma gardi, "Fitar da mutumin nan kafin shi buɗe ni."

A shekarun nan ne ya sayi manyeto, abin ɗaukar magana a kasat. Ba abin da bai ɗauka ba: hirar majalisa, kukan jaki, wasannin ƙauye bayan kaka, da waƙar niƙa ta matarsa Kulu, wadda in ta durƙusa gaban dutse maƙwabta kan rage surutu. Kulu ta rasu, kasat sunka zauna cikin tukunya suna narkewa da zafi. Wata rana ƴarsu Zali, da ke aure a Lome, ta bugo waya ta ce, "Baba, ɗiyana ba su san muryar Inna ba. Ni ma ta fara ɓace mini."

Abin da ya sa tsoho mai furfura ya tafi Yamai ya dawo da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, a buhu ke nan.

Kafin a kunna ta sai da ya kwance ta. Bai samu komai ciki ba sai ƙura da fanka. Idi mai siber, magidancin nan mai shagon intanet bakin tasha, ya ce masa ainihin cikinta rubutu ne, kuma wanda ke kanta masu shi sun kulle, ba mai ganinsa. Fuskar Arzika ta ɓaci. Idi ya ce amma akwai wani, Linuks, kyauta ake ba da shi, kowa na iya buɗewa ya ga yadda anka ɗinka shi, har ya gyara in ya iya.

Arzika ya ce, "Ashe akwai ƴan halak cikin masu wanga aiki."

Idi ya ce bari ya sa masa. Arzika ya ce ya ba shi kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka ma ordinatar, wanda abin ke ciki kawai, ya koma shagonsa. Na ce, "Bawana, kai da ba ka taɓa danna komi ba sai ƙararrawar keke?" Ya ce, "Direktar, zauna ka ga ilimi."

Na zauna, na gani. Wata baƙar taga ce ke buɗewa, ba hoto ba ado, sai ɗan fari yana ƙifta maka ido. A nan ake rubuta ma inji umarni. Arzika na danna harafi da yatsa guda, kamar kaza na tsintar tsaba, inji na maido masa da amsa cikin Turancin Ingila, wanda daga ni har shi ba mai ji. In ya ga amsar ta yi tsawo sai ya ce, "Ya yarda." In ta yi gajarta ya ce, "Rashin kunya yake mini." Da anka zo wurin kalmar sirri, sai ya leƙa waje ya sanar da majalisar ƙofar gidansa gaba ɗaya cewa ya sa sunan Kulu.

Na ce, "Arzika, sirri fa anka ce."

"In na mance wa za ya tuna mini? Ku riƙe mini shi, ku da ba ku da aiki."

Ikon Allah, abin ya hau. Ya haɗa manyeto da inji da wata waya da ya lanƙaya da kansa, ya kwashe damina yana juye kasat ɗaya bayan ɗaya. Ran nan na bi ta gonarsa, gero ya fara ido, sai na hangi wani abu na walƙiya daga kara zuwa kara, gona duk ta ɗauka. Na matsa. Zaren kasat ne, an zazzage shi an ɗaure don korar tsuntsaye.

"Arzika, muryar Kulu ce ka shanya ma rana?"

"Murya tana cikin inji. Wanga fanko ne." Ya gyara wani ƙulli. "Kuma tun tana da rai ita ka kore mini tsuntsaye."

Saura aikawa Lome. Abin ya yi ma salula nauyi, ga rezo ɗinmu, hanyar sadarwar waya, kun san halinsa, ga shi lokacin sojan nan na baya ne da kuran, wutar lantarki, ya zama baƙo a gari. Idi ya ce dabarar ita ce a sa lojisiyel na rabawa, wato wani ɗan aiki da ake ƙara ma inji, ya buɗe ma Zali ƙofa ta riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan duk sa'ad da hanya ta samu. Ya rubuta masa umarnin, ya sayar masa da ɗan akwatin rezo mai watsa intanet a iska, ya ce, "Baba, don Allah wurin nan kam bari in zauna kusa."

"Zauna shagonka."

Nan ma anka sha dambe. Ya rubuta, inji ya ce akwai abin da ya rage. Ya kawo abin da ya rage, inji ya ce shi ma wannan yana da ƙane da ba ya tafiya sai da shi. Arzika ya ce, "Wanga ba lojisiyel ba ne, dangin amarya ne." Ana tsaka da saukewa kuran ya tafi, ya ciro batirin wata matacciyar mota ya jona. Da abin ya zauna, sai inji ya tambaye shi wane dosiye za a raba, wato wane ɗakin ajiya a cikin inji. Idi ya riga ya gaya masa ya ware waƙoƙin Kulu wuri guda, ya buɗe wannan kaɗai. Arzika ya danna na can bisa, uwar dukkansu.

Ko ni da ban ƙare lekwal ba na ce, "Ba ɗaki guda anka ce ba?"

"Ni ban taɓa tarbar baƙo a zaure in kulle cikin gida ba."

To, akwatin rezo bai san katanga ba, kalmar sirri kuwa nan ma sunan Kulu ya sa, duk unguwa ta haddace. Ba a jima ba ƴan kabu-kabu sunka fara faka babura jikin katangar Arzika, kowa ya sunkuya kan salula yana murmushi. Arzika ya ɗauka inuwa suke so, har buta ya fitar musu.

Ni a kasuwar Baleyara na ji abin. Ina taya ɗan rago, sai goge ya tashi daga aljihun dillali, irin na wasan bori da ake yi a ƙauyukan Kurfai. Cikin kiɗan sai ga muryar wani saurayi tana tsagawa: "Ƙara, mai goge, kada ka tsaya, yau ba ni kwana gida!" Igiyar ragon ta kuɓuce mini. Ko cikin barci na san muryar nan. Alhaji Gado ne zamanin samartakarsa, dattijon da yanzu ke sahun gaba a masallacinmu, wanda in ya ji goge a rediyon maƙwabci yakan aika a rage. Dillali ya ce ai har direbobin Sanam suna da ita.

Alhaji Gado bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya biyo ta gidana ya ce in raka shi. Munka tarar da Arzika gaban inji.

"Arzika, jikoki gare ni."

"Na sani, Alhaji. Amma ka ji muryar kuwa? Ta fi ta yanzu nesa ba kusa ba."

"Jiya wanda ya aske ni da ita ya tarbe ni."

Arzika ya dube shi, ya ga idon dattijo ya kawo ruwa. Taurin kai gare shi, ba mugunta ba. Ya ce, "Yanzu zan shafe ta." Na ce a jira Idi, ya tafi Yamai sayen tawada. Ya ce mutuncin Alhaji ba ya jiran mai tawada. Ya buɗe baƙar taga, ya rubuta umarnin shafewa, ya ba shi sunan dosiyen kasat gaba ɗaya, a zatonsa inji zai tambaye shi wacce daga ciki. Inji ya nemi kalmar sirri. Ya ba shi. Ɗan farin nan ya ƙifta, ya sauko layi na gaba.

Arzika ya ce, "Ka gani? Ba gardama."

Ya buɗe don ya nuna ma Alhaji. Wayam. Ba goge, ba jaki, ba majalisa, ba Kulu.

Alhaji Gado da kansa ya ce, "Innalillahi." Daga baya Idi ya ce mana wannan inji ba ya tambayar mutum ko ya tabbata, yana ɗaukar mai shi babban mutum ne da ya san abin da yake faɗi. Ya ce da an bar shi haka da wataƙila ya tono wani abu. Sai dai kafin ya dawo Arzika ya sake zuba Linuks sabo bisa tsohon, wai ko za su fito, ya binne su ke nan.

Munka bugo ma Zali. Ta ce rabin guda ta samu, kuma ya ƙi buɗewa. Munka bi ƴan kabu-kabu ɗaya-ɗaya. Kowa na da Alhaji Gado, wasu har kala biyu. Waƙar niƙa kuwa ba wanda ya ɗauka. Wani ya ce, "Baba, mun ji tsohuwa ce ke niƙa, munka wuce." Har gona munka je, tsofaffi biyu muna warware zare daga kara muna naɗawa a tsinke, rana ta cinye shi, awaki sun tauna saura. Arzika bai ce mini Direktar ba ranar, kuma ban ce masa bawana ba.

Ya rame. Ya daina fitowa majalisa. Na ja shi dole zuwa rumfar Ɗanjimma mahauci, wai ko ƙanshin tsire zai taɓa shi. Muna tsaye Ɗanjimma na yanka, sai daga aljihun rigarsa mai maiƙo dutsen niƙa ya fara gurza, murya ta biyo:

"Gero na Kurfai, zo mu sasanta,
kai ka yi laushi, ni in huta."

Sai waƙar ta tsaya, anka yi dariya, ta ce, "Arzika, kashe abin nan, ko in zuba mai gari."

Ɗanjimma ya goge hannu zai ɗauka. Arzika ya cafke wuyan hannunsa, ga wuƙa a ɗayan.

"Kada ka ɗauka."

Ashe goge Ɗanjimma ya je ɗiba ya ɗebo wannan bisa kuskure, yatsansa mai kitse ya zame ya mayar da ita ƙarar kira, ya rasa yadda ake cirewa. Gwajin farko ne da Arzika ya yi ranar da ya sayi manyeto, ɗan guntu, bai kai a sha ruwa a ajiye kwanon ba. Shi kaɗai ya tsira.

A ranar Arzika ya tafi shagon Idi da ƙafarsa, ya ja Ɗanjimma da salularsa, ya zauna ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya bar wani ya yi aikin. Kafin la'asar Zali ta bugo, sai ƙaramar ɗiyarta muke ji tana cewa a sake sa kaka. Idi ya ce bari ya zuba masa a inji shi ma. Arzika ya ce, "A'a. Hannuna ba shi da amana. Bar ta inda Allah ya ajiye ta."

Tun daga nan ya samu benci daura da rumfar nama. Ya zauna, ya ciro ƴar salularsa, ya kira Ɗanjimma yana kallonsa ido cikin ido. Ɗanjimma ya yi ta kawo ƙara wurina.

"Baba Direktar, ka yi mai magana. Masu sayen nama na kira, layi a cike."

Na ce, "To canza ƙarar mana, Idi ya iya."

Ya dubi tsohon can bisa benci, kai a sunkuye, leɓe na bin waƙa. Ya ce, "Haba dai." Ya ci gaba da yanka.

Bai canza ba har ranar da munka kai Arzika. Allah Ya jiƙan taubashina, Ya yafe masa taurin kansa da tamu dariyar. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya sada su inda ba sai an kira wani ba kafin ya ji muryarta. Amin.