An Wanke wa Baba Mordecai Ɗaki

Bayan na gama jami'a na koma wani gidan haya a Unguwar Gabas da ke Sabon Gari, domin ɗakunan Samaru sun fi ƙarfina, kuma ban so in koma ƙauye in zauna jiran kiran bautar ƙasa ba. Ɗakina yana kallon na wani tsoho mai suna Baba Mordecai. Nasa ciki da falo ne. Matarsa Lucia ta daɗe da rasuwa, ɗansu guda, Japheth, yana Fatakwal, yakan kira a waya lokacin Kirsimati. Da safe Baba kan dafa shayinsa a risho, ya sha a bakin ƙofa, ya shige ciki. Ba a sake ganinsa sai yamma.

Mutanen gidan sun ce kayan ƙarfe yake tarawa. Wata ma ta rage murya ta ce mini akwai wanda in ka leƙa cikinsa za ka ga matattu. Ni dai ban ga komai ba, sai ranar da ya ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da wani ɗan faifan tagulla.

"'Yata, idonki sabo ne," in ji shi. "Karanta mini abin da aka rubuta a nan."

Sunan wanda ya ƙera abin ne da shekara, rubutun ƙanana kamar sawun tururuwa. Na karanta masa. Ya ce ai ya sani, so yake kawai ya ji ko rubutun yana nan. Daga nan ya ce in zo in ga sauran.

Uwar ɗakin ba ta da wurin aje ƙafa sai wata 'yar hanya zuwa gado. Kantocin katako ne tun daga ƙasa har rufi. Akwai madubin hangen nesa, da na'urar masu safiyo mai ƙafa uku, da ƙananan sikeli a akwatin gilashi, da kamfas, da wani agogo da ya ce nauyin iska yake aunawa. Amma waɗanda suka fi yawa su ne irin madubin da ake duba ƙwayoyin cuta da shi, wanda yake kira maikuroskof. Duk tagullar ta yi duhu kamar tsohuwar zuma. Ɗakin yana ƙanshin kafur da man keke.

A hankali na ji tarihinsa. Daga wajen Kachia ya zo Samaru yana saurayi, ya samu aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta, a nan kuma ya yi ritaya. Da aka fara kawo sababbin na'urori masu lantarki, aka riƙa fitar da tsofaffin gwanjo, shi kuma ya riƙa bin su. Yakan hau keke daga Samaru har Chikaji, inda 'yan gwangwan ke farfasa ƙarfe, ya tsaya a kansu har sai sun bar masa abin da ya zo nema. Ya ce Lucia takan ce wata rana a kan kantar katako zai kwana, akwatuna su hau gado.

Yana da yadda yake kula da su. Ruwa ba ya shiga ɗakin, ko na sha ne a falo yake shansa. Da gashin kaza yake kaɗe ƙura. Gilasan kuwa sai ya huce su da bakinsa, ya shafa da wani tsumma mai laushi sau ɗaya, ya bari. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya goge tagullar ta yi haske.

"Wannan duhun fatarsu ce," in ji shi. "Ke in an ce kin yi baƙi, feɗe ki za a yi?"

Abin da mutanen gidan ba su sani ba shi ne, Baba ya yi shekaru bai ga komai ta cikin gilasan nan ba. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Da lalube yake sanin inda kowane abu yake. Wani lokaci da yamma yakan ɓare fatar albasa, ya ɗora a ƙarƙashin maikuroskof ɗin da ya fi so, ya juya shi wajen taga, ya ce in leƙa.

"Me kika gani?"

"Kamar an jera bulo, Baba."

"Da ɗigo a cikin kowanne?"

"Akwai."

"To, suna nan."

Sai ya bar hannunsa a kan tagullar, har in rasa ko in tashi ko in zauna.

Ya daɗe yana tsoron a taɓa masa ido. Bara da damina ya yarda. Ya ce ba don hanya ba ne, hanyar coci da ta kasuwa ƙafarsa ta sani. So yake ya sake leƙawa da idonsa kafin Ubangiji ya kira shi.

Japheth bai samu hutu ba, don haka ni na raka shi asibiti a Shika. Jininsa ya hau, aka riƙe shi 'yan kwanaki kafin a yi aikin. A nan Mama Hephzibah ta zo duba shi da kunu a fulas. Ita ce shugabar zumuntar mata ta cocinmu, aminiyar marigayiya Lucia ce kuma, mace mai murya da son mutane.

"Mordecai, dubi yadda ka rame kamar sandar makiyayi!" in ji ta. "Ba kai ka ƙi a samo maka mata ba?"

"Wadda za ki samo mini irinki ce, gara in mutu da kunnuwana lafiya."

Ta yi dariya har wata nas ta leƙo. Da ya ce sanyi na damunsa kuma ya manta bargonsa, ta miƙa hannu ya ba ta makullai.

"A falo yake, Hephzibah, a kan kujera."

Makullin falo da na uwar ɗaki a zare ɗaya suke.

A cocinmu, in wanda ba shi da mata a gida ya kwanta ciwo, zumuntar mata sukan je su share masa gida, su wanke komai, su cika randa, don ya dawo ya iske wuri fes. Ba a tambayar mai gida, daɗin abin ke nan. Mahaifiyata ta sha yin haka, ni ma na sha bin ta da tsintsiya. Mama Hephzibah ta je ɗaukar bargo, ta leƙa ciki, ta ga ɗakin ƙawarta ya cika da baƙaƙen ƙarafa, ta zauna ta yi kuka. Daga nan ta tara mata.

An yi wa Baba aiki a idon dama, aikin kuma ya yi kyau. Ranar da aka cire masa bandeji ya ƙura mini ido ya ce, "Ashe haka kike? Na ɗauka doguwa ce." Aka ba shi baƙin tabarau saboda rana. A mota, tun daga Shika har muka wuce Samaru muka kai Kwangila, karanta allunan shaguna yake yi da ƙarfi, fasinjoji suna dariya suna taya shi.

Mun iske matan a tsakar gida cikin ankonsu, suna waƙa suna kaɗa tulu da caki. Baba ya ɗaga musu hannu, amma bai tsaya ba. Ya ce in ɗauko albasa. Ina shiga bayansa na ga ƙofar uwar ɗakin a buɗe, taga a buɗe, komai yana walƙiya kamar kwanukan jere. Babu ƙanshin kafur, sai na sabulu da lemon tsami. Shi kuwa da baƙin tabarau a fuska bai lura ba. Ya jawo maikuroskof ɗinsa, ya ɗora fatar albasar, ya cire tabarau, ya sunkuya.

Ya daɗe a haka. Ya murɗa sama, ya murɗa ƙasa, ya karkata ɗan madubin da ke ƙasa. Sannan ya ɗago.

"'Yata, idon ya koma."

Na leƙa. Fari ne kawai kamar ruwan koko, da wasu layuka suna gilmawa.

"Baba, ba idonka ba ne. Ni ma ban ga komai ba."

Sai a lokacin ya dubi ɗakin. Ya bi kantocin da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya kwance gilashin sama, ya ɗaga shi wajen taga. Da sabon idon nan nasa ya ga yadda aka kankare shi, ga kuma gumin ruwa a ciki.

Mama Hephzibah ta cika ƙofa, sauran matan suna leƙe ta bayanta.

"Ka gani ko? Kwana biyu muka yi! 'Yar zumuntarmu Salome ce ta kwance su, duk wanda ya kwantu muka jiƙa a baho. Toka, lemon tsami, yashi, wasu sai da muka sa soson ƙarfe. Gilasan ma sun fi taurin kai. Da Lucia na nan ai ba za ta bar su su yi wannan dauɗa ba."

Na kalli Baba. Ya aje gilashin a hankali, ya mayar da tabarau.

"Kun sha aiki," in ji shi. "Ubangiji ya saka muku. Ya albarkaci hannuwanku."

Suka amsa da amin, suka yi guɗa. Aka yi addu'a a falo, aka bar masa tuwo da miyar kuɓewa, suka tafi suna murna.

Makon da ya biyo baya bai fito shan shayi a bakin ƙofa ba. Ina jinsa yana buɗe akwatuna yana rufewa. Ya gwada su duka, har madubin hangen nesa. Ya shanya wasu gilasan a rana, ruwan ya bushe, kankarar ta zauna. Ƙananan lambobin da ke jikin na'urar safiyo sun shafe, sai santsi. Ni kaina na kasa cin abinci sosai a kwanakin nan. Da na ji ƙarar murfin akwati sai in tsaya ina jira ko zai kira ni ya ce ya samu guda mai kyau. Bai kira ba.

Ranar Asabar na shiga na ce masa ya kamata a gaya musu, ko don kada su yi wa wani.

"Wa kuma ke da irin wannan haukar a Sabon Gari in ba ni ba?" in ji shi. "Kin ga hannun Salome? Duk toka ta tsattsaga shi. Tun da Lucia ta tafi, wa ya taɓa yi mini aiki har hannunsa ya fashe? Kada ki faɗa wa kowa."

Washegari ya tashi a coci ya yi wa zumuntar mata godiya a gaban jama'a. Aka yi tafi. Mama Hephzibah ta ce da ƙarfi in sun sake yin duhu ya aiko, suna nan.

Likita ya sa masa ranar da zai koma a yi idon hagu. Da ranar ta zo na shirya tun da safe, na ɗauko jaka, na same shi zaune a kan benci a waje. Ya ja ƙofar uwar ɗakin ya sa kwaɗo, tun kwanaki ma a falo yake kwana.

"Baba, mu tafi kada mu rasa layi."

"Aje jakarki, 'yata."

"Ai sun ce yau ne."

"Na sani. Ɗayan ya ishe ni."

Na tsaya da jaka a hannu. Na kira Japheth, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Baba ya matsa ya ba ni wuri a kan bencin, na zauna. Ba mu je Shika ba ranar, kuma har yau bai koma ba.