Jan Siket na Ganin Likita

A Ostrava, wadda aka haifa namiji amma ta san kanta mace ba ta samun maganin sauya jiki sai likita ya yarda. Shi ya sa ƙawayen Vlasta mai walda suke da wani jan siket da suke ara wa juna ranar ganinsa.

"Ki saka, ki ce maza kike so," in ji Blanka, babbarsu. "Littafin likitocin ya ce in irinmu na son mata, sha'awar ganin kanta a mace kawai ke ɗibarta."

Vlasta ta saka ta tafi. Da yamma sai ga ta a guje, tana haki.

"Ya yarda! Blanka, ya yarda!"

"Kin ce masa maza?"

"Ina! Ina zama siket ya yage, dariya ta ƙwace mini, gaskiya ta zubo. Na ce budurwata Jitka nake so. Ya ce masana na ta jayayya a kan irina. Na ce su ci gaba, ni da aiki gobe!"

Blanka ta daɗe tana kallon yagaggen siket ɗin. Ita har yau likitan bai san sunan budurwarta ba.