Yaya Jamila Ta Tafi, Shi Kuma Bai Daina Gaishe Ni Ba

Da safen nan ina ɗaura igiyar takalmin makaranta Mama ta shigo ta ce in cire, yau ba inda za ni. Yaya Jamila ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga waɗanda ba su san ta ba, 'yar Hajiya Asabe ce, masu flat ɗin da ke samanmu a Thamesmead, nan Landan. Ba mu haɗa jini ba. Amma da muka zo daga Kaduna, lokacin da ko sunana ba na iya faɗa a aji, ita ke raka ni bakin bus. Ita ke ba ni aron littattafan soyayya, ta tura su ƙarƙashin kwanon dambu don kar Mama ta gani. Tun tana ƙarama take fama da sikila, ba ta kuma son a yi zancen.

Kun san ni da wata ƙungiyar mawaƙan Koriya, kun san akwai ɗaya a cikinsu da nake mutuwar so. Na yi subscribe a wani app da yake turo mana saƙo kullum kamar saurayi: kin ci abinci, ki sa rigar sanyi, yau na tuna da ke. Na san mu dubbai ne, amma idan wayata ta yi ƙara sai in ji ni kaɗai ce. Yaya Jamila kan tsokane ni da Amaryar Koriya, wai ta fara tara min kayan ɗaki.

Wata rana ana ruwa da tsawa ya turo cewa ya rufe madubin ɗakinsa da zane, haka kakarsa ta koya masa. Na hau sama da gudu in nuna mata, wai ashe su ma suna yi irin namu.

Ina shiga na ga madubinta a rufe da ɗankwali. Laptop a cinyarta, fuskar mawaƙin a buɗe a kai.

Ta kalle ni ta ce in rufo ƙofa.

Ashe kamfanin da take wa aiki a Deptford su ke kula da yadda duniyar masu jin Turanci ke ganin yaran. An ba ta shi. An rubuto mata halinsa daga can: mai kunya, mai son kyanwa, ba ya fushi, ba shi da budurwa. Ita ke saka masa magana a baki. Ba ta taɓa ganinsa ido da ido ba, ba ta ma da tabbacin yana karanta abin da yake faɗa. Ranar ce kawai ta sha'afa, kakarta ta Zariya ta kutso cikin aikin. Ta sa na rantse ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, kuma ba zan faɗa ba.

Na yi fushi da ita, na daina hawa sama. Amma ban daina karantawa ba. Sai dai daga ranar, in ya ce in ci abinci, muryarta nake ji.

Ganina da ita na ƙarshe a asibiti ne, na kai mata kunun gyaɗa. Idanunta sun yi ɗorawa, ga ruwa an ɗaura mata, ga ta tana goge masa baƙin ƙasan ido a hoto. Na ce ta huta mana. Ta yi murmushi ta ce, "Shi ba a yarda ya gaji ba, Nusaiba."

Ta ce ta rubuta masa saƙonni na gaba da yawa ta yi schedule su riƙa fita da kansu, don kar a ji shiru in jikin ya matsa. Da zan tafi ta ja gefen hijabina. "Amarya, in za ki so mutum, ki so wanda zai iya yin atishawa a gabanki."

Na yi dariya. Ban ko waiwaya ba.

Ɗazu ina zaune a falon Hajiya Asabe, mata sun cika, ana ta ya haƙuri, sai wayata ta motsa a aljihu. Da aka aike ni kicin in kawo shayi na duba.

Shi ne. Fuska sumul, ba ko ɗigo. Wai ya tashi lafiya, yau jikinsa wasai, in kula masa da kaina.

A ƙasan saƙon 'yan mata daga ko'ina suna ta zuba masa jajayen zukata. Ni kuma ta bango ina jin kukan uwar wadda ta rubuta.

Ban san nawa suka rage ba. Abin da ke tsorata ni ke nan. Wata safiya nata za su ƙare, a ba wani kujerar, shi ya ci gaba da murmushi, ni kuma ba zan san ranar ba. Zan rungumi maganar baƙo ina mata kuka.

Na tsaya a kicin ɗin har shayin da aka aike ni in kawo ya huce. Sannan na goge app ɗin. Sauran da ta rubuta na bar wa waɗanda ba su san ta ba. Wanda na karanta na ƙarshe dai na san nata ne.

Ya Allah Ka jiƙan Jamila, Ka yafe mata, Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi. Ka haskaka kabarinta, Ka ba ta hutun da ba ta samu ba a nan. Ka ba Hajiya Asabe juriya.

Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya tura min zuciya. Ya ɗaga hannu ya ambaci sunanta, Jamila, ya roƙa mata rahama.