Taguwar da Aka Zana a Kan Rairayi

"Baba, dabbobinka nawa?" Ina karanto masa tambayar daga wayata sai mai shayin rumfar ya tsaya da buta a sama. Wallahi wannan hantsin na kasuwar dabbobi ta Gure, ko tsufa ya ci ƙarfina ba zan manta shi ba.

Lokacin ina sabuwa a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Yamai, muna haɗa aplikasiyon na cigiyar dabbobi: wanda tasa ta ɓace ya sa a waya, wanda ya gani ya amsa. Shef ɗinmu, shugaban wurin, ya ce kafin a rufe aikin sai an je an zauna da masu dabbobin, a ji abin da suke so. Ni ce 'yar Damagaram, yankin da Gure take, ni aka tura.

Mutum na farko da wani dillali ya kawo mini dattijo ne dogo mai farin rawani. Taguwarsa ta ɓace, ta bar ɗanta sabon haihuwa a gida, ya ƙi shan komai. In ba a same ta da wuri ba, mutuwa zai yi. Na ce madalla, ga gwaji na gaske. Sai dai aplikasiyon ɗin ba ya wucewa gaba sai an cika gurbin yawan dabbobi, shi ya sa na yi masa waccan tambayar.

Dillalin ya tuntsire da dariya. "'Yar Yamai, haka kuke tambaya a can? To ke 'ya'yan babanki nawa?"

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "'Yata, ba a faɗa. Baki yana cin dabba." Ya kalli can wajen tuddai, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce a shekarun fari na saba'in, yana saurayi, wasu sun zo da mota suka yi wa mahaifinsa wannan tambayar, ya faɗa musu. Ruwa bai zo ba, garken ya ƙare, taguwa ɗaya ta rage. Wadda ta ɓace yanzu daga tsatsonta take. Na san fari ne ya kashe garken nan, ina jin shi ma ya sani. Amma wa zai sa shi ya sake buɗe baki?

Na ce to ko yana da hotonta. Nan ne ya murmusa. "Amarya ce da za a yi mata hoto?"

Sai na kife wayar a cinya. "Baba, in babu waya, yaya kuke cigiya?"

Ya sauka daga tabarma, ya share rairayi da tafin hannu, ya zana shaidar wutar da ke wuyanta: layi a karkace, ɗigo a ƙasansa. Yana zanawa yana magana kamar mai ba da labarin mafarki. Ja ce mai farin baki, kunnen hagu a tsage, tana son kanwa, in ta ji ƙishi arewa take fuskanta. Kafin in ankara maza sun kewaye mu, kowa ya tsuguna yana zana ta gidansu. "Wannan ta kawunnaina ce." "Kai, taka kamar sawun kaza!" Ƙasar rumfar ta cika da alamu. Daga nesa kawalwalniya na rawa a kan rairayi, raƙuman kasuwa kamar suna tafiya a kan ruwa, goriba na kaɗawa a hankali. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin, in rasa ko na je ne ko mafarkinsa na yi.

Na ɗauki hoton zanen, na roƙe shi ya maimaita bayanin na naɗa a vokal, wato saƙon murya, na tura wa mutanen da muka ba aplikasiyon ɗin su gwada a Bune da Gamu da Alakos. Ba ta cikinsa ba fa, ta gurup ɗinmu kawai. Muka zauna muna shan shayi, rezo, wato sabis ɗin waya, na zuwa yana tafiya.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙara. Vokal ne daga wani mai kanti a Gamu. "A gaya wa mai taguwa tana bakin rijiyarmu tun jiya, nono na zuba, sai kuka take. Mun ɗaure ta." Dattijon ya karɓi wayar da hannu biyu ya kanga a kunne. "Sake sa mini, 'yata." Na sake. "Sake."

Ina cikin motar komawa washegari dillalin ya turo mini vokal. Da farko ban ji komai ba sai iska, sannan wani tsotso-tsotso, sannan muryar dattijon: "Ji, 'yata, yana sha."

Da na koma biro muka cire gurbin yawan dabbobi gaba ɗaya. Muka sa fili fari inda mutum zai zana shaida da yatsa, da maɓalli babba na magana. Ba mu muka ƙirƙiro ko ɗaya ba, a rairayin Gure muka ɗebo su.

Tun daga ranar, in za a ƙera wa mutane abu, ba na fara nuna musu abin da muka ƙera. Sai in zauna in tambaye su yadda suke yi kafin mu zo, in bar su su zana mini. Ku fa, abin da kuke ƙerawa domin wasu, kun taɓa kife wayarku kun tambaye su?