Yaron da Na Soke Sunansa

Shekarar da wayar salula ta fara yawa a Zariya na gama karatun abinci mai gina jiki a Samaru, kaina cike da littafi, ina jin babu wanda ya kai ni sanin yaro da cikinsa. Na samu aiki a wani ƙaramin asibitin coci a Sabon Gari. Wasu masu taimako daga waje ne suka ɗauki nauyin shirin. Muna raba garin kunu na gero da waken soya da gyaɗa ga yaran da tamowa ta kama, muna kuma koya wa iyaye shuka zogale a bayan ɗaki. Doka ɗaya na kafa da kaina, har ina taƙama da ita: sai uwa ta dama kofi guda ta ba yaronta a gabana kafin in auna mata garin mako.

Akwai wata matashiyar uwa daga wani ƙauye bayan Shika, duk Laraba take zuwa tare da uwar mijinta. Yaron bai kai shekara biyu ba, gashi ya yi ja, ƙafafu sun kumbura. Ban taɓa ganin ta kalle shi ba. In na tambayi sunansa sai ta sunkuyar da kai, tsohuwar ta amsa. In na miƙa mata kofi sai ta tura wa tsohuwar, shi kuwa ya datse baki ya ƙi karɓa. Haushi ya yi ta cina. Na yi mata faɗa da Hausa, na ƙara da Turanci don ta san da mai ilimi take magana. Duk da haka nakan auna musu garin, tunda tsohuwar tana gwada ba shi.

Da damina ta yi tsaka taimakon ya ragu, aka ce mu rage yara, mu bar waɗanda iyayensu ke ba da haɗin kai. Ban yi dogon tunani ba. Na raya a zuciyata kasuwa take kai garin, na soke sunan yaron. Ranar da na gaya musu tsohuwar ta roƙe ni har da durƙusawa. Uwar ba ta ce uffan ba, na kuma ɗauki shirun nan shaida a kanta.

Bayan wata uku na gamu da ita a kasuwar Samaru tana sayar da kuɓewa, ita kaɗai, babu goyo. Ita ta fara gane ni. Ta rusuna ta gaishe ni, ta yi mini godiyar garin da suka samu. Na tambayi yaron, ta ce ya rasu kafin a yanke gero. Duk da haka sai da na tambaye ta abin da ya hana ta ba shi kunun ko sau ɗaya.

"Sista, ai ɗan fari ne," in ji ta. "Yaya zan ba shi a gaban uwar mijina? In mun koma gida na shiga ɗaki, a hannuna kaɗai yake sha. Har ya fara tsayawa."

Kunyar ɗan fari ce, wadda ke hana uwa kiran sunansa ko nuna masa so a idon manya. Ba baƙon abu ba ne a wurina, abin da ke hana ni sakat ke nan har yau. Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata har ta rasu ba ta kira sunana ba, ban kuma taɓa shakkar tana sona ba.

Abin da ake bukata kawai shi ne in ce wa tsohuwar ta ɗan jira mu a waje. Laraba tara suka zo, ban faɗa ba.