Teburin Cin Abincina a Gefen Mota

Ƙafata ta hagu ba ta naɗuwa. Tun ina yaron mota na faɗo daga saman lodin dawa a kasuwar Ƙaura, ƙugu ya goce, mai ɗori ya yi iyakar saninsa, na warke da abin da ya rage. Kujera ina zama, tuƙi ina yi. Zaman ƙasa ne ya gagare ni. In na zauna, sai na miƙe ƙafar gaba kamar taɓarya, in kuma zan tashi sai mutum biyu sun kama ni.

A shekarun da aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato, a-kori-kura nake ja. Ina ɗaukar hatsi da albasa da masu su daga Ƙaura zuwa Shinkafi ranar kasuwa, wata rana Zurmi, in kaya ya yi yawa har Gurbin Ɓore. Mu direbobin wannan hanya muna da al'ada: in rana ta take, a shimfiɗa tabarma a inuwar mota mafi girma, a sayo tuwo ko shinkafa da wake a babban kwano, kowa ya sa hannu. Wanda ya ƙi zama a wannan tabarma ya ce ya fi mutane ke nan. Shekaru na yi ina zama, ƙafata a miƙe tana kallon abincin mutane, ana tsallake ta ana tsaki. In an gama a ɗaga ni kamar buhu.

Mai ɗaga nin yawanci taubashina ne, ɗan kawuna, shi ma direba. Wasa ya halatta tsakaninmu, amma shi bai san inda wasa ke tsayawa ba. Wata rana a Zurmi aka cinye, aka wanke hannu, ya ƙyafta wa sauran ido, duk suka watse suka bar ni. Suna daga nesa suna dariya, ana cewa a ga yadda rago ke tashi. Aka kira sallar azahar ina nan. Na ja gindi a cikin rairayi har bakin taya, na kama ƙarfen bodi na miƙe, mata masu fura suna kallona. Ban zagi kowa ba. A hanyar komawa gida na yanke cewa na gama cin abinci a ƙasa.

Abin zama ina da shi, kujerar motata. In na buɗe ƙofa na zuro ƙafafuwa waje, zaman ya yi mini daidai. Abin ɗora kwano ne babu. Na sami karan dawa na auna daga ƙasa zuwa saman gwiwata ina zaune haka, na karya shi a nan, na jefa bayan kujera. Da wannan kara na yi ta yawon neman tebur.

Na fara da wani kafinta kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya yi mini na katako, mai kyau a ido, amma ba ya naɗewa, dole a ɗaure shi saman kaya. Hanyar Zurmi ta lokacin ba ta barin ƙusa a mazauninta. Kafin wata ya ƙare ƙafafunsa sun fara rawa, miya tana gangarowa gefe guda. Na ba maƙwabciyata ta ɗora tallar ƙuli. Na koma wurin mai walda, na ce ina son mai naɗewa. Ya yi mini wani abu da sai ƙato ya ɗauka, yana ƙara a bayan mota kamar ana ƙira, in ya sha rana ba ya taɓuwa. Na roba kuwa ban ma tsaya ba, na ga yadda rana ke fasa bokiti.

A kasuwar Shinkafi na same shi, wurin wani mutumin Maraɗi mai kayan gwanjo, irin tarkacen da Turawa masu yawon hamada ke sayarwa in za su koma ƙasarsu. Yana da guda biyu na farin ƙarfe mara nauyi. Ɗaya samansa sanduna ne jere, ana naɗe shi kamar asabari. Ya fi kyau, mai kayan ma shi yake tura mini. Na ce miya za ta shiga tsakanin sandunan, wa zai wanke mini a daji? Ɗayan yana rufewa biyu kamar akwati, da mariƙi, kuma kowace ƙafa ana iya ƙara mata tsawo ita kaɗai. Wannan ne ya ja ni, don a tashoshinmu babu ƙasa mai daidai. Na fito da karana na auna, na ɗora masa rabin buhun gero na girgiza, na rufe shi na gwada bayan kujera, ya shige kamar don nan aka yi shi. Mutumin ya ce bai taɓa ganin mai sayen tebur kamar mai sayen jaki ba. Aibinsa ɗaya, ƙafafun sirara ne, suna nutsewa a rairayi. Na buge gwangwanayen madara na riƙa sa masa a ƙasa.

Wannan ya zo daidai da shekarar da aka fara shari'ar Musulunci. Kada wani ya ɗauka ina da ja da ita. Na yi murna kamar kowa, na daina haɗa maza da mata a gaban mota tun kafin a tsayar da ni. Amma a lokacin kowa ya zama malami, har wanda bai sauke izu biyu ba. Ni kaina allo da firamare duk rabi na yi, na san iyakata. Su ba su san tasu ba.

Ranar da na fara buɗe teburin a tashar Zurmi, mutane suka taru kamar an kawo kura. Taubashina ya raɗa mini Baturen Ƙaura, ya ce saura cokali mai yatsu. Wani dillalin albasa ya ce wannan ɗabi'ar nasara ce, kuma a irin wannan lokaci. Na ce musu ga wuri, a ɗoro babban kwanon a nan, mai son tsayuwa ya tsaya, mai son jarka ya jawo ya zauna. Ba wanda ya motsa. Na zuba nawa a ƙaramin kwano na ci, na miƙe da kaina na wanke hannu.

Maganar ta riga ni isa gida. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, malami ne na gaske, kuma an ba shi kujera a wani kwamiti na ƙaramar hukuma a wannan shekarar. Ya aika a kira ni bayan la'asar. Yana kan buzu a zauren gidan ubanmu, ni ina tsaye na dafa bango. Ya yi mini nasiha mai tsawo a kan falalar cin abinci a ƙasa da cin abinci cikin jama'a, ban musa masa ko ɗaya ba. Da ya gama ya ce in rabu da abin nan.

Na ce, "Malam, ba kai kac ce in yi salla bisa kujera ba, tunda ƙafar ta ƙi?"

Ya ce wannan lalura ce.

"To Allah ya karɓi sallata a zaune bisa kujera, ku kun kasa karɓar tuwona?"

Sai ya fito da abin da ke ransa. Ya ce mutane na cewa ƙanen wane ne ke cin abinci irin na nasara a tsakiyar kasuwa, shi kuma yanzu ido na kansa. Na tambaye shi a kan me yake ɗora kwanonsa a ofis. Ya ce can ba a bainar jama'a ba ne. Na ce ni ofishina bainar jama'a ne, kuma ranar da nake jan gindi a rairayin Zurmi ban ji an ce ƙanen wane ba ne. Ya ce in dai ban bari ba, kada in shigo masa gida da shi. Na ce na ji.

Direbobi ma sun turo dattijon cikinmu. Ya ce in dawo tabarma, an yi wa taubashina faɗa, za a riƙa ɗaga ni ba tare da wasa ba. Na gode masa, don mutumin kirki ne. Na ce ba wasan ne kawai ya ishe ni ba, ɗagawar ce. Tun daga nan nake cin abincina ni kaɗai, suna can inuwa ina jin hirarsu. Ba zan yi ƙarya ba, tuwon mutum ɗaya ba shi da daɗi, kuma akwai labaran hanya da yawa da suka riƙa wuce ni saboda ba na bakin kwanon.

Bayan damina matar yayana ta haihu. Ranar suna na je da sassafe, na tsaya aka yi addu'a, na yi barka. Da aka fara fito da abinci aka shimfiɗa tabarmi a zaure da ƙofar gida, sai na koma motata da na ajiye a tsallaken titi. Na buɗe ƙofa, na kafa teburina, na zauna ina kallon gidan ubana. Malamai da manyan ma'aikata suna wucewa suna satar kallona. Yayana ya leƙo ya gan ni, ya koma ciki. Can sai ga kwanon waina da miyar taushe an aiko daga cikin gida, ban tambayi wanda ya aiko ba. Na cinye, na mayar da kwanon, na naɗe teburin, na tayar da mota, don ina da lodin gero da ke jirana a Shinkafi.