Amsar da Baba Ya Ba Mai Bishara a Kasuwar Gangara

A kakar shekarar 1960, watanni kaɗan bayan an ce mana mun samu ƴancin kai, wani mai bishara ya jingine kekensa a gindin tsamiyar kasuwar Gangara. Shekarata tara, ina ɗauke da farantin dafaffiyar gyaɗa, Rabi ɗiyar yayan Baba tana gefena da ƙuli-ƙulinta. Kasuwa ta cika ta batse don gyaɗa ta yi kyau a shekarar, jakuna sai shigowa suke da buhuna, hayaƙin tukubar masu tsire yana ta shiga mana ido. Mutumin Bahaushe ne daga wajen Katsina, siriri, cikin farar riga da ta sha wanki, ana ce masa Malam Dauda. Mu yara keken ne ya ja mu. Manya kuwa sun matso ne da suka ji yana zancen Annabi Musa, don ba a wuce zancen annabi a yi gaba. Babana, Shaibu, yana cikinsu, riƙe da igiyar akuyar da ya saya.

Har zuwa ranar, gidanmu gida ɗaya ne. Baba da yayansa, Baba Haruna, gandu guda suke noma, tukunya guda ake ɗorawa. Bayan kaka, in an gama ɗaurin dami, Baba Haruna yakan cika babban rumbu ya liƙe bakinsa, ba mai sake taɓa shi sai ruwa ya sauka an fara noma. Ni da Rabi tare muke surfe, tare muke zuwa rijiya, tare muke kalar gyaɗa a gonakin da aka gama cira, mu dawo mu baje ƴar carafke a ƙofar ɗakin kakarmu har Inna, mahaifiyata, ta biyo mu da muciya. Baba ba shi da dukiya, suna gare shi. In an yi gardamar iyakar gona shi ake kira, ya dubi gambar da aka dasa ya ce nan ne, magana ta ƙare. Ni kuwa ina tafiya ina ɗaga kai sai ka ce ni na ba shi gaskiyar.

Malam Dauda yana da hanyarsa ta wa'azi. Ya buɗe yatsunsa goma ya ce dokoki ne da Allah ya ba Annabi Musa, kuma doka madubi ce, tana nuna wa mutum dauɗar fuskarsa amma ba ta wanke ta. Sai ya riƙa lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, kowane da tambayarsa. Wa bai taɓa ɗaga wa iyayensa murya ba? Wa bai taɓa ɗaukar abin da ba nasa ba? Ya ce shi kam ya yi, tun yana yaro ya saci ƙwan zabi, aka kwashe da dariya. Ba abin da faɗin haka ya rage masa, tunda baƙo ne, la'asar na yi zai hau kekensa. Yanzu na san shiru yake jira. So yake kowa ya amsa a cikinsa cewa mai laifi ne, sannan shi ya kawo zancen gafara. Da ya zo kan sata Baba ya sunkuyar da kai. Da ya lanƙwasa yatsan shaidar zur, ya tambaya ko akwai wanda bakinsa ya taɓa cutar da marar laifi, sai na ji muryar da na fi sani a duniya.

"Malam, dakata. Ni ne. Hatsin da ya ɓace a rumbun Yaya shekarar yunwa, dami uku, ni na ɗiba. Sambo Bahillace bai taɓa komi ba. Ƙarya na yi mishi."

A ranar na ji labarin, a bakin mutane, guntu-guntu. Shekara bakwai kafin nan an yi yunwa, ina da shekara biyu, nonon Inna ya ƙafe, ƙafafuna sun fara kumburi. Wata rana da tsaka, mutanen gida sun tafi daji neman anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa a ci in hatsi ya ƙare, Baba ya buɗe rumbun gandu ya zare dami uku. Da aka gano, tsoro ya kama shi, ya ce ya ga Sambo yana kewaya wurin. Sambo makiyayi ne da ke sauka a gonarmu kowace rani. Baba Haruna da hannunsa ya dake shi, aka hana shanunsa rijiya, aka kore shi da iyalinsa a tsakiyar bazara. Wato kunun da ya tashe ni, da bayan Sambo aka biya shi.

Kasuwa ta rikice. Malam Dauda yana ta ɗaga hannu yana cewa, "Ku tsaya, jama'a, ban gama ba!" Ba wanda ya ko waiwaye shi. Baba Haruna ya ratso mutane ya tsaya gaban ƙanensa. "Shaibu, a kasuwa? Ba mu da zaure?" Iyakar abin da ya ce ke nan, kuma ban ƙara jin ya kira sunan Baba ba.

Kafin sati ya zagayo an kafa dangar kara ta raba tsakar gidanmu biyu, aka raba gona, aka raba tukunya. Baba ya kai dami shida ƙofar yayansa, suka yini a rana, yamma ta yi aka turo yara suka maido su. Ba hatsin ne ya ci wa Baba Haruna rai ba. An nuna wa duniya ya daki marar laifi, kuma ɗan uwansa ne ya sa shi. Aka daina kiran Baba rabon iyaka, aka daina neman shaidarsa a ɗaurin aure. In ya shiga gayyar noma sai a bar masa kuyya shi kaɗai a gefe. Rabi aka hana ta ƙetare danga, nakan ji sautin taɓaryarta ina daka tawa, kowa ita kaɗai. A dandali ƴan mata suka sa ni cikin waƙar gaɗa, na bar zuwa. Da aka ce mai gari ya ba da yara lakol, wato makarantar boko, ya duba gidajen da ba mai iya ce masa a'a, ni ce ta farko da ya nuna. A garin Gazawa na koyi riƙon alli, malaminmu da muke ce wa mushe yana dukan tebur da rula, kuma ko can sunan "Dami Uku" ya riga ni isa. Na tsani Malam Dauda, na tsani kekensa, kuma a ɓoye na ji haushin Baba da bai iya yin shiru kamar kowa ba.

Malam Dauda ya dawo bayan kasuwa biyu, har gida, fuskarsa duk ta faɗa. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, aka ba shi fura. Ya roƙi Baba ya bar shi ya ƙarasa, ya ce doka rabin magana ce, sauran rabin shi ne Isa Almasihu ya ɗauke laifin duk wanda ya tuba. Baba ya saurare shi har ƙarshe, bai katse shi ba. "Na ji, Malam," ya ce. "Mu ma limaminmu ya ce Allah mai gafara ne. Amma ya ce hakkin mutum sai mutum ya yahe. Ka san inda Sambo yake?" Malam Dauda bai sani ba. Ya tashi ya tura kekensa har bayan gari bai hau ba. Mai gari ya hana shi tsamiyar kasuwa daga ranar.

Tun daga nan Baba ya samu aikin rani. Da an gama kaka sai ya ɗauki gora da sanda ya bi kasuwannin dabbobi, Agiye, Gazawa, har Gidan Sori ya kai da ƙafa, yana tambayar Fulani ko sun san wani Sambo mai tabo a gira. Wasu su ce ya yi kudu, wasu su ce shanunsa sun ƙare a waccan bazarar, wasu su yi dariya su ce rabin rugarsu Sambo ne. Shekara goma sha biyar yana wannan yawo. A cikinsu Baba Haruna ya rasu, dangar tana tsaye.

Ina aikin ungozoma a Maraɗi aka aiko mini Baba ba lafiya. Na tarar da shi kwance a zaure, ya zama ƙashi da fata. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Dije, kin tambayi masu nono a birni?" Tausayi ya rufe ni. Na ce na tambaya, an ga Sambo wajen Gidan Runji, ya tsufa cikin shanunsa, kuma ya ce a gaya wa Shaibu ya yafe. Baba ya kalle ni. Sai ya girgiza kai a hankali.

"Dije, ke ma kar ki fara."

Kwana huɗu bayan haka ya cika, bai samu abin da ya nema ba.

Yanzu a tashar mota masu wa'azi sun yi yawa, na coci da na masallaci, kowa da lasifikarsa, kuma ina jin irin tambayoyin nan suna tashi sama. Mutane na gyaɗa kai suna cinikinsu, ba mai amsawa, ni ma ba na amsawa. Haushin da na ji na Baba ya daɗe da fita, kewa ce ta rage, mai yawa. Ban ƙara ganin wanda aka tambaya ya ɗauka da gaske amsa ake so ba.